Yaron Da Ya Ajiye Bindiga: Hukuncinsa Da Hakkinsa A Kan Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyaye, Ya sanya raunana amana a hannun masu ƙarfi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan fili zai duba wata mas'ala wadda ta sauka a ƙofar Musulmi da yawa na ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau mas'alar yaron da aka ɗauke shi zuwa daji yana ƙarami, aka ɗora masa bindiga, sa'an nan Allah Ya ƙaddara ya komo gida. Mahaifiyarsa tana so ta rungume shi. Maƙwabcinta kuwa, wanda aka kashe wa ɗa ko aka ƙone wa rumbu, ba ya ko son ya ji an ambaci sunan yaron. Liman yana tsakani, mai unguwa yana tsakani, kowa yana jiran ya ji ta bakinsu. To, me Shari'a ta ce game da wannan yaro? Mai laifi ne da za a guje shi, ko kuwa abin zalunta ne da za a tallafa masa? Kuma ina hakkin waɗanda aka cuta ta hannunsa?

Girman Al'amarin

Tun daga watan Yuli na shekarar 2009, lokacin da fitinar Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri, yara ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A shekarar 2022 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya bayyana cewa yara maza da mata fiye da 8,000 ne ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka yi amfani da su a arewa maso gabashin Nijeriya tun farkon rikicin. Waɗansu an ba su bindiga, waɗansu an sa su leƙen asiri ko ɗaukar kaya ko girki, 'yan mata kuwa an aurar da su dole. A cikin watanni takwas na farkon shekarar 2017 kaɗai, Asusun ya ƙidaya yara 83 waɗanda aka ɗaura wa bama-bamai aka tura su cikin jama'a: 55 daga cikinsu 'yan mata ne, 27 maza, ɗaya kuwa jariri ne da aka goya wa wata yarinya.

Haka nan kuma, 'yan sa kai na garin Maiduguri da kewaye, waɗanda aka fi sani da 'yan ƙato-da-gora, su ma an sami yara a cikinsu suna tsaron shingaye da sintiri. Amma su sun amsa kira. A watan Satumba na 2017 suka ƙulla alkawari da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su daina ɗaukar yara. A watan Oktoba na 2018 suka sallami yara 833, a watan Mayu na 2019 suka ƙara sallamar 894, har a shekarar 2021 aka cire sunansu daga jerin masu sa yara aikin yaƙi. A cikin wannan shekara ta 2021 kuma, bayan mutuwar Abubakar Shekau a watan Mayu, dubban mutane suka riƙa fitowa daga daji suna miƙa wuya, da yawansu mata ne da ƙananan yara.

Gwamnati ta tanadi wuraren da ake fara saukar da irin waɗannan yara, kamar cibiyar Bulumkutu a Maiduguri, kuma a watan Satumba na 2022 ta sa hannu a kan yarjejeniyar miƙa yaran da sojoji suka samu a fagen fama ga hukumomin farar hula. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe cibiya a Gudumariya, cikin jihar Diffa, domin waɗanda suka tuba. Duk wannan aiki ne abin yabo. Amma zaman cibiya na 'yan watanni ne. Ranar da aka buɗe wa yaro ƙofa aka ce ya tafi gida, ran nan ne jarrabawa ta gaskiya take farawa, kuma jama'ar gari ce take zama a kanta.

Abin Da Ya Faru Ranar Uhudu

Kafin a yi maganar komowar yaro, wajibi ne a san hukuncin tafiyarsa tun farko. A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, Ƙuraishawa suka taso wa Madina da mayaƙa 3,000. Musulmi suka fita su 1,000, sa'an nan Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da mutum 300, suka rage 700. Babu ranar da Musulmi suka buƙaci hannu kamar wannan rana. Duk da haka, a kan hanya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ya duba rundunar, ya tsame yaran da ya ga ba su isa ba, ya mayar da su Madina. Daga cikinsu akwai Abdullahi ɗan Umar, da Zaidu ɗan Sabit, da Usama ɗan Zaidu, da Bara'u ɗan Azib, da Zaidu ɗan Arƙam, da Abu Sa'idil Khudri, Allah Ya yarda da su. Da ƙafarsu suka zo, suna roƙo a bar su, aka ƙi.

Abdullahi ɗan Umar da kansa ya ba da labari cewa yana da shekara 14 ranar Uhudu aka mayar da shi, sai ranar Handaƙ, yana da shekara 15, aka yarda masa. Da Nafi'u ya gaya wa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz wannan labari, sai Halifa ya ɗauke shi iyaka tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa cewa kada a shigar da sunan kowa cikin littafin mayaƙa sai ya kai 15, wanda bai kai ba a lissafa shi cikin iyalin da ake ciyarwa. Saboda haka ne malaman fiƙihu suka sanya balaga da hankali cikin sharuɗɗan wajabcin jihadi. Suka kuma ce, jihadin da yake farilla ta kifaya ba a fita gare shi sai da iznin iyaye, domin akwai mutumin da ya zo neman iznin fita, Manzon Allah ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, da ya ce i, sai aka umurce shi ya koma ya yi ƙoƙarinsa wajen hidimarsu.

Mai karatu ya lura da abin da waɗannan yara suka zama. Zaidu ɗan Sabit shi ne marubucin wahayi, shi Halifa Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani, shi ne kuma gwanin sahabbai a ilmin rabon gado. Abdullahi ɗan Umar kuwa, ta hanyarsa ne hadisai masu yawa suka iso ga Nafi'u, daga Nafi'u zuwa ga Imamu Malik, waɗanda almajiran ƙasar Hausa da Barno suke karantawa a cikin Muwaɗɗa har yau. Da an jefa su cikin takubban Uhudu suka faɗi, da al'umma ta yi hasarar da ba ta misaltuwa. Idan yaƙin da Annabi ne da kansa yake jagorantarsa an hana yaro ɗan shekara 14 shigarsa, to, ina hujjar wanda ya tsallaka katanga da dare, ya ƙwace ɗan shekara 10 daga hannun uwarsa, ya sa shi zubar da jinin Musulmi da maƙwabtansu, sa'an nan ya kira wannan jihadi?

Dokokin duniya na wannan zamani sun zo daga baya sun tsaya kusa da nan. Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka, ta ce sa yaron da bai kai 15 ba cikin yaƙi laifin yaƙi ne. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan hakkin yara ta 1990 kuwa ta ɗaga iyakar zuwa 18. Wannan ba ya saɓa wa fiƙihu, gama mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne, wanda alamomin balaga ba su bayyana gare shi ba, ana hukunta masa balaga ne idan ya cika 18. Shugaba kuma yana da ikon tsayar da iyaka domin maslahar jama'a.

A Kan Wa Laifin Yake?

Ya tabbata a hadisi cewa mutum uku an ɗauke musu alƙalami: mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Ma'anarsa, ba a rubuta musu zunubi. A kan wannan tushe ne mai littafin Risala, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, ya bayyana cewa abin da yaro ya aikata da ganganci hukuncinsa hukuncin kuskure ne. Ba a yi masa ƙisasi, sai dai diyya, ita ma danginsa na wajen uba ne suke ɗauka idan ta kai sulusi ko fiye. A cikin Mukhtasar na Shehu Halil kuma an nuna cewa idan uba ko malami ya umurci ƙaramin yaro ya kashe wani, yaron ya kashe, to, wanda ya ba da umurnin shi ake kashewa. Malamai sun ɗauki yaron kamar makami a hannun babba. Wanda aka sara da takobi ba ya kai ƙarar takobi gaban alƙali, mai takobin yake nema.

Ga wannan a ƙara hukuncin tilas. Ammaru ɗan Yasir, Allah Ya yarda da shi, baligi ne, amma da azabar mushirikan Makka ta yi masa tsanani har ya furta abin da suke so, ya zo yana kuka, sai aka karɓi uzurinsa tun da zuciyarsa tana natse da imani, kamar yadda aya ta 106 ta Suratun Nahli ta tabbatar. To, ina ga yaron da aka yanka abokinsa a gabansa domin ya ga sakamakon mai gudu?

Sai dai akwai iyaka wadda ba ya halatta a ɓoye ta. Malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa baligi kashe wani rai domin ya tsirar da nasa. Yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 11 ya fito yana ɗan 22, abin da ya aikata bayan balaga yana da nasa hukunci. Aya ta 34 ta Suratul Ma'ida ta buɗe ƙofa ga 'yan fashi da masu ɓarna waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu, Imamu Malik kuma ya fahimci cewa wannan tuba tana kayar da haddin Allah, amma hakkin mutane na jini da dukiya yana nan, sai an biya ko an yafe. Tantance wane ne yaro wane ne babba, wane ne aka tilasta wane ne ya tilasta, aikin alƙali ne da hukuma. Ba aikin taron kasuwa ba ne, ba kuma na masu ɗaukar doka a hannunsu ba.

Bincike kafin karɓa shi ma yana da asali. Bayan sulhun Hudaibiyya, da mata suka riƙa gudowa daga Makka zuwa Madina, Allah Ya yi umurni a cikin Suratul Mumtahana, aya ta 10, a jarraba su, idan aka gane gaskiyarsu kada a mayar da su. Saboda haka wanda ya ce a yi tsantseni bai yi laifi ba. Laifin shi ne a gama jarrabawa, a sami yaro da gaskiya, sa'an nan a ci gaba da riƙonsa da zato har abada.

Hakkin Waɗanda Aka Cuta

Akwai ƙorafi wanda ake ji daga bakin 'yan gudun hijira da zawarawa da marayu, kuma ƙorafi ne mai nauyi. Suna cewa, wanda ya ƙone gari an koya masa sana'a an ba shi keken ɗinki, wanda aka ƙone wa gari kuwa yana nan a bukkar leda yana jiran awo. Duk mai wa'azin da ya yi watsi da wannan magana ya hau mumbari yana kiran yafiya kawai, bai yi adalci ba, kuma ba za a saurare shi ba.

Shari'a ta ɗauke wa yaro zunubi, amma ba ta zubar da jinin wanda aka kashe a banza ba. Ta ce a biya diyya, idan dangi ba su da hali ko ba a san su ba, to, Baitulmali ya ɗauka. A wannan zamani ma'anarsa ita ce, gwamnati da masu hannu da shuni su tsaya ga magadan mamata da waɗanda aka raba da gidajensu, tsayuwar da ba ta gaza wadda aka yi wa masu komowa ba. Yafiya abin so ce, ladarta kuma tana wurin Allah, amma ba a ƙwatarta da ƙarfi.

Labarin Wahshi ya isa misali. Bawa ne na Jubairu ɗan Muɗ'im, aka yi masa alkawarin 'yanci idan ya kashe Hamza, baffan Manzon Allah, ya kuwa kashe shi ranar Uhudu. Bayan an ci Makka ya gudu Ɗa'ifa, daga baya ya zo Madina ya musulunta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa jininsa ba, bai sa an kore shi daga cikin Musulmi ba, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi, domin ganinsa yana tayar masa da baƙin cikin Hamza. Wahshi ya zauna cikin jama'a, har a zamanin Halifa Abubakar ya fita yaƙin Yamama ya jefi Musailama maƙaryaci da mashin nan nasa. Daga wannan an fahimci abu biyu. Matar da aka kashe wa miji ba za a tilasta mata ta yi fara'a da wanda ya yi kisan ba, gama wanda ya fi kowa tausayi ma bai iya jure kallon fuskar Wahshi ba. Amma ita ma ba ta da ikon hana shi masallaci da kasuwa da rijiya. Idan zama a unguwa ɗaya ya gagara, babu aibi a nema wa yaro wurin dangi a wani gari.

Darasi Daga Ƙasar Saliyo

Tun da ƙurar Barno ba ta gama kwantawa ba, ya kamata a duba ƙasar da ta ga ƙarshen irin wannan yaƙi, domin a san me ya yi amfani. Saliyo ƙasa ce ta Afirka ta Yamma wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma sojojin Nijeriya da yawa sun rasa rayukansu a can ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Yaƙin basasarta ya fara a watan Maris na 1991, aka yi shelar ƙarewarsa a watan Janairu na 2002. 'Yan tawayen RUF na Foday Sankoh sun sace yara, sun ɗura musu ƙwayoyi, sun tsaga haruffan sunan ƙungiyarsu a ƙirjin waɗansu domin kada su iya ɓuya idan sun gudu. Majalisar malaman Musulmi da na Kirista ta ƙasar, wadda aka kafa a 1997, ta shiga tsakani har aka sako waɗansu yara tun kafin sulhun birnin Lome na watan Yuli 1999.

Da aka zo karɓar makamai, an sallami yara 6,845. Aka fara ajiye su a gidajen riƙo na wucin gadi, aka bi sawun danginsu, aka mayar da mafi yawansu gida. Kotu ta musamman da aka kafa ta bar yaran ta bi manya: a watan Yuni na 2007 ta kama shugabannin wani ɓangare na mayaƙan da laifin sa yara yaƙi, a shekarar 2012 kuma ta yanke wa tsohon shugaban Laberiya, Charles Taylor, ɗaurin shekara 50. Wannan shi ne abin da littattafan fiƙihu suka riga suka nuna, a bi mai umurni a bar wanda aka umurta yana ƙarami.

Wata dabara da aka yi a can ta cancanci koyi. Makarantar da ta karɓi yaron da ya komo daga daji, sai a ba ta littattafai da kayan karatu domin ɗalibanta duka. Ta haka zuwan yaron ya zama alheri ga 'ya'yan maƙwabta, hassada ta ragu. Masana na Jami'ar Harvard ta Amurka kuma sun bi sawun ɗaruruwan waɗannan yara tun daga 2002 har suka girma, suka gano cewa waɗanda iyalinsu da garinsu suka karɓe su, suka kuma zauna a makaranta, sun fi samun natsuwa, waɗanda aka riƙa yi wa gori da tsangwama kuwa damuwarsu da faɗansu sun fi daɗewa. Kuskuren da aka yi shi ne na 'yan mata, gama ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka sallama ba, alhali suna da yawa a daji. Da yawansu sun sulale gida a ɓoye saboda kunya, babu wanda ya tallafa musu.

Karɓar Yaron Farilla Ce A Kan Jama'a

Malamai sun ce ɗaukar yaron da aka tsinta a yashe farilla ce ta kifaya, idan waɗansu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamu Malik ya ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi wani mutum ya tsinci yaro, Halifa ya bar shi a hannunsa ya ce ciyarwarsa tana kan Baitulmali. Yaron da ya fito daga daji ba uwa ba uba, ko kuwa danginsa suna tsoron karɓarsa, ya fi kowa kama da wannan.

Haɗarin rufe masa ƙofa kuwa yana cikin hadisin mutumin nan na mutanen da, wanda ya kashe rai 99, ya je wurin wani mai bauta ya tambaya ko yana da tuba. Mai bauta ya ce babu, sai ya cika 100 da shi. Da ya je wurin malami, malami ya ce babu mai shiga tsakaninsa da tuba, amma ya bar ƙasarsa ya koma wata ƙasa mai mutanen kirki ya zauna da su. Ɗebe ƙauna ne ya jawo kisa na 100. Malamin kuma bai tsaya ga cewa an yafe ba, sai da ya nuna masa wurin zama da abokan zama. Shugabannin daji suna gaya wa yara cewa duk wanda ya koma gida za a kashe shi ko a tofa masa yawu. Duk wanda ya tsangwami yaron da ya komo, ya gaskata maganarsu, ya kuma aika wa sauran da ke daji saƙo cewa su zauna inda suke.

Saboda haka kowa yana da nasa rabo a cikin wannan aiki. Dangi su sani hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Za su ga yaro yana firgita cikin barci, ko yana zama shi kaɗai, ko yana hasala a kan abu kaɗan, ko yana zabura idan an buga ƙofa. Wannan rauni ne na zuciya, a haɗa masa addu'a da likita, gama a Maiduguri akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, kuma neman magani sunna ne. Duka da ɗauri ba sa ƙara masa kome sai tuna masa daji.

Malaman tsangaya da na Islamiyya su ne nauyi ya fi hawa kansu, domin da sunan addini aka ɓatar da yaron, da addini kuma za a komo da shi. An koya masa kafirta iyayensa da halatta jinin maƙwabtansa. Sai a zaunar da shi a fara daga tushe, daga Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Iziyya, a karanta masa tarihin Annabi domin ya ji yadda aka mayar da tsararrakinsa ranar Uhudu, da yadda aka hana kashe mata da yara da tsofaffi a fagen fama. A bar shi ya yi tambaya ba tare da an zare masa ido ba, gama shubuhar da aka danne ba ta mutuwa.

Masu sana'a, tela da kafinta da makaniki da maƙeri da manomi, kowa ya ɗauki guda ɗaya a cikin yaransa, ya kuma ɗauki maraya ɗaya daga waɗanda aka kashe wa iyaye, su koyi aiki a inuwa ɗaya. Hadisi ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙo. Masu fitar da zakka su tuna da ɓangarorin biyu. Bulamai da lawanai da masu unguwanni kuma su tara jama'a tun kafin yaro ya iso, a yi magana a fili, a ji ta bakin waɗanda aka cuta, kada a wayi gari kawai a ga mota ta sauke shi. Liman ya hana jifa da laƙabi, gama Suratul Hujurati, aya ta 11, ta haramta shi. Yaro yana da sunan da aka raɗa masa ranar bakwai, da shi za a kira shi.

'Yan Mata Da Jariransu

Waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne 'yan matan da suka komo da ciki ko da goyo. An ji ana kiransu annoba, ana kiransu matan Boko Haram, ana cewa jariransu suna da mugun jini, har ana kawo karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan zance ba shi da gurbi a Musulunci. Wadda aka tilasta babu haddi a kanta, babu zunubi. Kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, kuma Alƙur'ani ya maimaita a wurare da yawa, kamar Suratul An'ami da Suratul Isra'i da Suratu Faɗir, cewa babu ran da yake ɗaukar nauyin zunubin wani. Abu Jahal shi ne babban maƙiyin Musulunci, amma ɗansa Ikrima ya musulunta ya zama jarumin Musulmi a yaƙoƙin ƙasar Sham, har malaman tarihi sun ambata cewa an hana sahabbai zagin mahaifinsa a gabansa domin kada a cutar da shi. A raɗa wa jariri suna, a sa shi makaranta idan ya isa. Mas'alolin idda da nasaba da sabon aure kuwa a kai su gaban alƙali ko malami masani, a warware su cikin sutura.

A ƙarshe, wanda ya ga wannan al'amari ya yi masa nisa, ya tuna cewa yaran da ake gani da bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina su ma wata rana za su nemi hanyar gida, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya komo yana ɗan shekara 14 yana da sauran rayuwa mai tsawo a gabansa, ko dai ya yi ta a shago da gona da sahun salla, ko kuwa ya koma inda ya fito da zuciyar da ta fi ta da ƙeƙashewa. Kowane gari zai amsa tambaya gaban Allah a kan wanne daga cikin biyun ya tura shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu cikin wannan fitina, Ya ba magadansu haƙuri da sakayya, Ya komo da waɗanda suka rage a hannun azzalumai, Ya shiryar da 'ya'yan Musulmi, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin. Allah ne Mafi sani, kuma gare Shi dacewa take.